Kwilt, faciwok da dai-kota: kalmomi uku da ake cakuɗawa

Ranar sunan jikar maƙwabciyarmu a Agege, ana baje kayan barka sai aka zaro wani ɗan mayafi mai gida-gida, kowane gida da irin atamfarsa. Wata ta ce bargo ne. Wata dattijuwa ta juya shi, ta ce, "Wannan ai faci ne, ko yadin ne ya kasa?" Yarinyar da ta ɗinka ta yi dariya ta ce, "A'a Hajiya, kwilt ne, da dai-kota na yanka." Hajiya ta dube ta ta ce, "To, Allah ya yi albarka, amma ban ji ko ɗaya ba." Ni ma a lokacin rabi na gane. Da na bi diddigi sai na tarar abubuwa uku ne daban-daban, bidiyoyin ɗinki na waya ne suka sa muke faɗinsu a dunƙule.

Hajiya ba ta yi kuskure ƙwarai ba da ta ce faci. Faciwok da facin da ake yi wa taya a bakin titi tushensu ɗaya a Turanci. Bambancin shi ne, mai faci rami yake toshewa, mai faciwok kuwa da gangan take yanka ƙyallaye ƙanana ta harhaɗa su har su zama shimfiɗa guda mai tsari. Teloli a nan Legas sun daɗe suna yi da ragowar yadin da suke kira fisis, su fitar da jaka ko riga ko rigar filo. Faciwok dai fuska ɗaya ce tak, idan ka juya bayanta za ka ga duk ɗinkin a fili.

Kwilt ya wuce nan. Hawa uku ne: fuskar sama, wadda sau da yawa faciwok ɗin ce, sai shimfiɗar auduga ko faiba a tsakiya, sai yadi guda a baya. Ana bi da ɗinki a ratsa duka ukun don kada audugar ta dunƙule gefe guda idan an wanke, sannan a naɗe bakin da siririn ƙyalle. Wannan ɗinkin da ke ratsa hawa ukun shi ne ya mai da abin kwilt. Ko da yadi ɗaya aka yi fuskar, in dai an cusa an ratsa, kwilt ne. Idan kuwa an harhaɗa ƙyallaye ɗari ba a cusa komai ba, faciwok ne kawai.

Abin da ya ba ni dariya shi ne, muna ta karya harshe da kalmar alhali muna da abin tun kaka da kakanni. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zariya ya ga 'yan lifidi. Lifidi ba komai ba ne illa yadi biyu da aka cusa wa auduga aka ratsa da ɗinki, aka rufe doki da mahayinsa don kibiya ta rasa hanyar shiga. Dabarar ɗaya ce, sai dai wancan na fagen fama ne, wannan na jariri. Da za a bar ni, da ɗinkin lifidi zan riƙa kiransa, kowa ya huta.

Sai dai-kota, wadda ta fi rikita mutane. Wasu masu jin Turanci sukan ɗauka kalmar farko, wato "dai", ta mutuwa ce. Ba ita ba ce. A bakin maƙera da masu injina, tana nufin ƙarfen da aka ƙera da siffa ɗaya don ya riƙa fitar da wannan siffar ba sauyi. Ka tuna abin buga bulo, ko tandar waina, inda kowane gurbi yake fitar da girma ɗaya ko wace ce ta zuba ƙullun. Masu takalma da irin wannan suke yanka fata, masu ɗab'i na Shomolu kuma da shi suke fitar da katin biki mai lanƙwasa da kwalin kaya. Na ɗinki ƙaramin ɗan'uwansu ne da ake ɗorawa a kan tebur.

Kayan aikinsa uku ne. Akwai allon wuƙa, wato allo mai soso a fuska, an binne siraran wuƙaƙen ƙarfe a cikin soson bisa siffar da ake so: murabba'i, ko mai kusurwa uku, ko dogon zare-zare na naɗin baki. Akwai faifan roba da ake rufawa a kai. Sai injin kansa, mai rodi biyu da hannun murzawa irin na injin taliya. A shimfiɗa yadi a kan allon, a ɗora faifan, a tura tsakanin rodin ana murza hannu. Matsin yana danne soson, wuƙaƙen su ɓullo su yanke yadin, da ya fita ta ɗaya gefen soson ya sake tasowa ya rufe su. Sunayen da aka fi gani su ne AccuQuilt, kamfanin da ke jihar Nebraska a Amurka, da kuma Sizzix. AccuQuilt sun ce injinsu na GO! yana yanka yadin auduga har hawa 6 a murzawa ɗaya. Akwai mai aiki da lantarki, amma na hannun bai san an ɗauke wuta ba, wanda a Legas ba ƙaramin abu ba ne.

To me ya hana almakashi? Babu abin da ya hana, iyayenmu da shi suka yi komai. Akwai ma wuƙa mai taya da kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, ana gungura ta a jikin rula, kuma ita ce mafi yawan masu wannan sana'a suke riƙe da ita. Matsalar ita ce faciwok ba ya yafe kuskure. A ɗinkin riga, in an ɗan kauce, kalmasa za ta ɓoye. A nan kuwa kusurwoyi huɗu ne suke haɗuwa a wuri ɗaya, ido kuma can yake fara sauka. A ce kowane gida ya ƙaru da kashi ɗaya cikin 8 na inci, abin da ba za a ma lura da shi ba, a jere mai gida 8 ya zama inci guda cur. Sai a zo haɗa jeri da jeri a ga wannan ya fi wancan tsawo, a fara ja ana tattarewa. Injin wannan ciwon yake magancewa, gida na farko da na tamanin girmansu ɗaya.

Ga lissafin na jariri. A yanka murabba'i mai inci 5, a jera 8 a faɗi, 10 a tsawo, ya zama 80. Kowane gefe ɗinki zai ci rubu'in inci, don haka kowane gida zai koma inci 4 da rabi, mayafin ya tashi inci 36 da 45. Idan allon yana fitar da gida 2, aka ninka yadi hawa 6, murzawa ɗaya 12 ke nan, murzawa 7 an gama har da rara. Wannan rubu'in incin nan ne telolinmu suke tuntuɓe, don hannunsu ya saba barin rabin inci ko fiye saboda mai riga ka iya yin ƙiba. An riga an lissafa rubu'in a cikin girman wuƙar. In aka ɗinka da faɗin da aka saba, duk daidaiton da aka saya da tsada ya tafi a banza. Injin yanka kawai ya iya, ba ya ɗinki, ba ya guga, ba ya zaɓen launi.

Atamfa kuma tana da nata hali. Sabuwa daga kasuwar Balogun ko ta Oshodi tana zuwa da ƙarfi da sheƙi, wata tana zuba, wata tana tsukewa a wankin farko, kuma ba lallai su tsuke daidai da juna ba. A wanke kowace daban, a goge ta sumul kafin ta hau allo, don yadi mai tamoji karkatacce yake fita ko da injin. Kada a gwama auduga da leshi ko yadi mai santsi a mayafi ɗaya. Abin jariri kullum cikin wanki yake, mai rauni shi zai fara yagewa. Duwatsu da maɓallai da duk wani abin da yaro zai iya ɓantara ya kai baki, a bar su.

Ko ya cancanci kuɗinsa? A ganina, wadda za ta ɗinka ɗaya ko biyu don 'ya'yan dangi ba ta da buƙatarsa. Daga waje ake kawo shi, farashinsa na bin dala, kowace siffa da kowane girma allonsa daban ake saya, faifan robar ma yana cinyewa a canza. Yana kuma ɓarnar yadi, tunda sai an ɗora ƙyallen da ya ɗara siffar girma, gefen da ya rage ya zama shara. Amma mai shagon da ke karɓar odar kayan suna duk mako, ko wadda ciwon hannu ya fara hana ta riƙe almakashi, ita za ta mori abin. Mata uku ko huɗu ma kan iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya su riƙa karɓa-karɓa.

Amfanin kwilt ɗin kansa a zafin Legas ya sha bamban da na ƙasashen da suke ƙanƙara. Likitocin yara suna gargaɗin kada a bar bargo ko mayafi mai kauri a makwancin jaririn da bai cika shekara ba, don yana iya rufe masa fuska. Shi ya sa audugar ciki siririya ta fi, a mai da shi shimfiɗar kwantar da yaro a kan tayil ana kallonsa, ko a ɗora a cinya in an je unguwa. Na gidan maƙwabciyarmu a tsakar falo yake yanzu, jaririyar na koyon zama a kai. Hajiya har yau faci take ce masa, kuma ta tara ragowar atamfofinta na ashobi a leda ta aika wa yarinyar, ta ce a yi wa jikanta na gaba.