Ansefalopati: ba hauka ba ce, ba kuma ƙanwar sanƙarau ba

Tun da aka yi ranar yaƙi da ciwon hanta ta 28 ga Yuli, kalmar nan "ansefalopati" ta ƙi barin bakin mutanen Yamai. Tana cikin shirye-shiryen lafiya na rediyo, tana cikin saƙonnin neman taimako da ke yawo a WhatsApp tare da hoton takardar likita: wane an yi masa dashen hanta a Indiya, ya dawo gida, yanzu kuma ansefalopati ta kama shi, a taimaka fi sabilillahi. Taimakon ba laifi. Fassarar da ake yi wa kalmar ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Wannan ya ce taɓin hankali ne. Wancan ya ce dangin sanƙarau ce, har da gargaɗin kada yara su kusanci majinyaci. Wani mai gabatar da shiri kuwa sai ya dinga cewa ansefalit a jimla ɗaya, ansefalopati a ta biyu, hankalinsa kwance.

Ansefalit kumburin ƙwaƙwalwa ne, galibi ƙwayar cuta ce ke shiga ta haddasa shi. Sanƙarau, da ba sai an karanta wa ɗan Nijar shi ba, rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa yake kamawa. Ita ansefalopati daga Girkanci take, ƙwaƙwalwa da wahala aka haɗa, abin da kawai take faɗi shi ne kai ba ya aiki daidai. Ba ta faɗi dalili ba. Sai an ƙara mata "hepatik" sannan ta zama wadda muke magana a kai: ƙwaƙwalwar da ta rikice saboda hanta ta kasa aikinta. Ba a ɗaukarta wurin kowa. Hepatit B da ta lalata hantar tana iya yaɗuwa ta jini, ta saduwa, ko daga uwa zuwa jariri, amma ruɗewar ba ta tsallaka zuwa ga mai jinya.

Asalin abin a ciki yake, ba a kai ba. Yawancin abin da hanji ya tsotsa, wata babbar jijiya ce ke kwasarsa ta kai wa hanta kafin ya shiga sauran jiki. Cikin kayan akwai amoniya, wani sinadari mai dafi, wadda hanji da ƙwayoyin da ke zaune cikinsa ke samarwa, hanta ta mai da ita wani sinadari da ake ce wa ure, ƙoda ta fitar cikin fitsari. Hanta ke nan tamkar ofishin duwan na Birnin Konni: kaya ba ya wucewa sai an duba. Idan cutar siroz ta sa hanta ta ƙanƙance ta yi tauri, jini ya kan buɗe wa kansa hanyoyin bayan gari, ya wuce da kayansa ba bincike. Amoniyar ta isa ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin da ke hidimar jijiyoyinta su sha ruwa su kumbura, aiki ya fara tangal-tangal. Kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na masu siroz sukan gamu da wannan a fili wata rana.

Karnuka ne suka fara nuna wa duniya haka, kuma labarinsu ya dace a tsaya a kansa, don har yau muna biyan bashinsa. A 1877 wani likitan soja a Rasha mai suna Nikolai Eck ya ɗinke waccan jijiyar hanji da babbar jijiyar da ke komawa zuciya a jikin karnuka, jini ya daina bi ta hanta. Yawancinsu ba su daɗe ba, ɗayan da ya rayu kuma ya gudu. A 1893 Ivan Pavlov, wanda aka fi sani da gwajin karnuka da yawu, ya maimaita aikin tare da abokansa a Santa Fitasbag. Wasu daga cikin nasu karnukan suka rayu. Sai aka lura da wani abu: muddin aka ba su nama, sai su fara layi, su yi faɗa ba dalili, su daina gane hanya, daga baya su faɗi sumammu. Aka sa wa abin suna maye na nama. Daga nan likitoci suka ɗauko dokar da suka yi shekaru da yawa a kanta, cewa mai ciwon hanta da ya rikice a hana shi nama.

Dokar ta tsufa, amma a gidajenmu tana da ranta. Shiga ɗakin mai ciwon shawara ka ga abin da ke gabansa: kunu tsinkakke, ba nama, ba ƙwai, ba nono, ba wake, wata da watanni, har hannuwansa su zama sillan kara. Alhali tsoka ita ce wuri na biyu da jiki ke rage amoniya bayan hanta. Ka narkar da tsokar mutum da yunwa, ka rufe masa ƙofar da ta rage. Wani bincike da aka yi a Barselona a 2004 ya nuna cewa barin majinyaci kan abincinsa na gina jiki bai ƙara masa ruɗewa ba, kuma ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin hanta na Turai da Amurka suka fitar a 2014 sun ce a ba shi giram 1.2 zuwa 1.5 na sinadarin gina jiki kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Mai kilo 60, giram 72 zuwa 90 ke nan. A ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, a ƙara da wani abu kafin barci. Fura da nono da dare, wadda Ba'adaren Tawa ba ya buƙatar takardar likita kafin ya sha, ta fi yawancin shawarwarin da nake ji a rediyo.

Abin ba ya zuwa da ihu. Barci ne ke fara juyewa, Alhaji ya wuni yana gyangyaɗi, da dare ido biyu. Ɗan kasuwar da ke lissafin jikkuna da ka ya kasa cire bakwai daga ɗari. Ya rikita raka'o'in la'asar, ya sa riga a baibai, ya zagi wanda bai taɓa ɗaga wa murya ba. Likita zai ce, "Baba, miƙo hannuwanka gaba, ɗaga tafin kamar za ka tsai da mota." Bayan ƴan daƙiƙu tafin ya faɗo ya sake tashi, ya faɗo ya tashi, shi bai ma sani ba. Ma'aunin West Haven na likitoci ya kasa abin mataki huɗu, na huɗun shi ne dogon suma. A mataki na biyu ne dangi kan ce iskoki, a ɗauko hayaƙi da jiƙo, ko a sayo ƙwayar barci a bakin kasuwa don ya natsu. Addu'a ba ta hana komai. Ƙwayar barci irin diyazefam kuwa tura shi take yi zuwa mataki na gaba.

Kusan kullum akwai abin da ya tayar da ita: zubar jini a ciki, wanda baƙin bayan gida ke tona asirinsa, ko taurin ciki, ko wata cuta da ta shiga ruwan da ya taru a tumbi, ko maganin sa fitsari da ya yi yawa cikin zafin Afrilu. Babban maganin ma abin dariya ne ga mai jiran allurar ƙwaƙwalwa: laktuloz, wani ruwa mai zaƙi da ake amfani da shi tun 1966, ana daidaita shi har mutum ya zaga sau 2 ko 3 a yini da laushi. Idan tana yawan dawowa a ƙara wani magani, rifaksimin.

Sai batun dashe, inda aka fi cin zarafin kalmar. Tun da likita Thomas Starzl ya gwada dashen hanta na farko a jikin mutum a Denba ta Amurka a 1963, abin da aka saba gani shi ne sabuwar hanta in ta kama aiki, ansefalopati ta kau, ko da yake wasu da suka sha fama da ita kafin aikin kan rage da ɗan rauni wajen tuna abu. Tana iya dawowa, amma da dalili: hantar da aka dasa ba ta tashi ba, ko yankin da ɗan'uwa ya bayar ya yi wa jikin kaɗan, ko jiki ya fara ƙin ta don magani ya yanke, ko hepatit B ta sake kama ta, ko kuwa tsofaffin hanyoyin bayan garin nan suna nan a buɗe duk da an gina sabon duwan. Wannan na ƙarshe hoton sikana ke gano shi, kuma ana iya toshe jijiyar.

Sau da yawa kuwa hantar lafiyarta lau. Takrolimus, maganin da mai dashe ke sha kullum don kada jiki ya ƙi baƙuwar, shi kansa in ya yi yawa cikin jini yana kawo rawar hannu, ciwon kai, ruɗewa, har farfaɗiya. Zawo na ƴan kwanaki ya isa ya ɗaga shi. Eritromisin da flukonazol, da ake saye a farmasi ba tambaya, suna ɗaga shi. Rifamfisin na tarin fuka kuma yana rage shi har hanta ta shiga haɗari. Ga garkuwar jiki da aka danne da gangan, don haka sanƙarau na gaske, da tarin fuka, da masassarar sauro mai hawa kai, duk suna cikin lissafi, balle da damina. Ga sukari da ya faɗi ko ya hau, ga gishirin jini da ya sauka.

Shi ya sa idan na ga an rubuta "ansefalopati" a kan wanda ya dawo daga dashe, ba a auna aikin hanta ba, ba a auna takrolimus ba, ba a ɗiga jini a duba masassara ba, sai in ce suna aka raɗa, ba a gano cuta ba. Awon amoniya shi kaɗai ma ba ya yanke hukunci, sai dai in ya fito daidai ya sa likita ya nemi dalili wani wuri. Awon takrolimus kuma da safe ake ɗibar jininsa, kafin a haɗiyi ƙwayar ranar, in ba haka ba lambar da za ta fito ba ta da amfani, kuɗin analiz ɗin sun tafi a banza.