Terraforming Mars: Wasan Katin Raya Duniyar Mirrihi

Terraforming Mars wasa ne na kati da taswira da ake yi a kan tebur, inda mutum ɗaya zuwa biyar suke gasar mayar da duniyar Mirrihi wurin da ɗan Adam zai iya zama. Jacob Fryxelius, ɗan ƙasar Suwidin, shi ne ya tsara shi, kamfanin danginsa mai suna FryxGames ya fitar da shi a 2016, sannan Stronghold Games ya buga shi a Amurka. A 2017 ya ci kyautar Deutscher Spiele Preis ta Jamus. Ma'anar sunan ita ce sauya wata duniya har ta yi kama da tamu wajen iska da ruwa da ɗumi.

A Bauchi da Gombe, da an ce kati sai hankalin dattawa ya koma kan karta da caca, kuma suna da hujjarsu. Wannan wasan ba a zuba kuɗi a cikinsa. Ya fi kusa da dara, domin mai hangen nesa ne yake ci, sai dai zama ɗaya yakan cinye awa biyu ko fiye.

Yadda ake yin sa

An ɗora labarin a shekarun 2400. Kowane ɗan wasa yana riƙe da babban kamfani, dukansu kuma suna aiki a kan ma'auni uku. Zafi yana farawa daga digiri 30 ƙasa da sifili, ana ɗaga shi digiri biyu-biyu har ya kai 8 sama da sifili. Iskar oksijin tana tashi daga babu zuwa kashi 14 cikin ɗari. Sai tekuna tara da ake shimfiɗawa a taswira. Idan ukun nan suka cika, wasa ya zo ƙarshe, a ƙirga maki.

Kowa yana farawa da matsayi 20. Duk wanda ya ɗaga ɗaya daga cikin ma'aunan, matsayinsa zai ƙaru da ɗaya, wannan matsayi kuwa shi ne makinsa, shi ne kuma tushen kuɗin da zai riƙa samu. Ana kiran kowane zagaye zamani guda, wato ana nufin aikin ya fi ƙarfin rayuwar mutum ɗaya: kaka ya fara, jika ya ci gaba. A farkon kowane zamani, ban da na farko, ana ba ɗan wasa katuna huɗu, ya sayi wanda yake so a kan kuɗin wasa uku kowanne, ya yar da saura. Sayen kati daban, biyan kuɗin aikin da ke jikinsa daban. Nan ne sabon shiga yake faɗawa rami: ya cika hannu da katuna masu kyau, ya rasa abin da zai aiwatar da ko ɗaya.

Dukiya iri shida ce: kuɗi, ƙarfe, titaniyam, tsirrai, lantarki da zafi. Tsirrai takwas suna zama daji guda a taswira, dajin kuma ya ƙara oksijin. Zafi takwas yana ɗaga ma'aunin ɗumi mataki ɗaya. Lantarkin da ba a yi amfani da shi ba yana rikiɗa ya koma zafi a ƙarshen zamani.

Katunan

Katunan ayyuka sun haura 200, babu biyu iri ɗaya. Korayen suna aiki sau ɗaya su bar amfaninsu, shuɗɗan ana morarsu zamani bayan zamani, jajayen kuwa aukuwa ce ta lokaci guda, kamar jefo tauraro mai wutsiya a kan Mirrihi don ya kawo ruwa da zafi, ya kuma ƙone wa abokin hamayya tsirrai uku.

Abin da ya fi burgewa shi ne sharuɗɗan da ke saman katunan, domin sun bi tsarin da rai yake bi wajen kama ƙasa. Gansakukar da ke manne wa dutse tana fitowa tun zafi yana digiri 24 ƙasa da sifili. Bishiyoyi sai an kai 4 ƙasa da sifili. Kifi sai an haura sifili da digiri 2. Dabbobin kiwo suna buƙatar oksijin kashi 9, tsuntsaye kuwa sai 13, gab da tashi daga wasa. Manomin Kaltungo ko Azare ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Ya san ba a shuka kafin ƙasa ta jiƙa, ya kuma san wanda ya riƙe iri yana jiran ruwan da bai zo ba ya yi asarar damina. Haka katin tsuntsaye yake a hannun wanda ya saye shi tun zamani na biyu.

Ma'aunan ma a ɗaure suke da juna. Oksijin na kaiwa kashi 8, zafi zai ƙaru da mataki ɗaya. Zafi na kaiwa sifili, ƙanƙara ta narke, a sa teku.

Taswira da maƙwabtaka

Taswirar ta ainihin yankin Tharsis ce, da manyan duwatsunsa masu aman wuta irin su Pavonis Mons da Arsia Mons, da makeken kwarin Valles Marineris. An raba ta gida-gida masu kusurwa shida. Wanda ya yi gini kusa da teku yana samun kuɗi biyu. Birni yana samun maki ɗaya a kan kowane dajin da ke jikinsa, ko da na wani ne ya dasa. Saboda haka gasa ce da ba a iya yin ta ba tare da an amfani abokin hamayya ba: tekun da ka shimfiɗa shi ne zai buɗe wa wani katin da yake ɓoye.

Wannan ya yi daidai da abin da ake gani a gida. Bauchi da Gombe suna cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi ya shafa saboda kwararowar hamada, Gombe kuma ta ƙaddamar da nata shirin dashen bishiyoyi, Gombe Goes Green, a 2019. Bishiyar da mutum ya dasa a bakin gonarsa tana tare wa maƙwabcinsa iska, kamar yadda ruwan madatsar Dadin Kowa yake shayar da gonakin waɗanda ba su ɗauki ko kwano ɗaya na ƙasa ba a lokacin gina ta. Bambancin kawai, su a wasan zafi suke nema ido rufe, mu kuwa a watan Afrilu inuwa muke nema.

Tsakanin wasa da gaskiya

Mirrihi ta gaske ta fi ta taswira tsanani. Kusan kashi 95 cikin ɗari na iskarta kabon dayoksaid ne, nauyin iskar bai kai kashi 1 cikin ɗari na tamu ba, matsakaicin sanyinta kuma wajen digiri 60 ne ƙasa da sifili. Shekararta kwana 687 ce. A 2018 masana biyu, Bruce Jakosky da Christopher Edwards, suka wallafa binciken da ya nuna kabon dayoksaid ɗin da za a iya kaiwa gare shi a can bai isa ya ɗumama ta ba da fasahar yau. Na'urar MOXIE da motar binciken Perseverance ta hukumar NASA ta tafi da ita ta tace oksijin daga iskar Mirrihi a karon farko a Afrilun 2021, amma duk abin da ta samar har ta kammala aiki giram 122 ne. Kashi 14 ɗin da wasan ya tsaya a kai ma ƙasa yake da kashi 21 da muke shaƙa.

Ƙare-ƙare da sauran nau'o'i

An fitar da ƙarin sassan da ake haɗawa da wasan: Hellas & Elysium da Venus Next a 2017, Prelude da Colonies a 2018, sai Turmoil a 2019, wanda ya shigo da jam'iyyu da siyasa. A 2021 aka fitar da Ares Expedition, mai ɗaukar mutum ɗaya zuwa huɗu, wanda ya fi dogara ga kati, ya kuma fi saurin ƙarewa. Akwai na kwamfuta tun 2018, daga baya na waya ya biyo. Mutum ɗaya ma yana iya yi shi kaɗai: zai fara da matsayi 14, kuma dole ya cika ma'aunan uku kafin zamani na 14 ya ƙare.