Waiwaye: yadda ƙaramar hukuma ta zama 'yar kallo a ginin gidaje masu rahusa

Tun ranar 11 ga Yulin 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na Najeriya kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ake ta ka-ce-na-ce kan abin da za su yi da kuɗin. Cikin tambayoyin da ke yawan tasowa akwai ta gidaje. Ana gina rukunin gidaje masu rahusa a bayan gari, kafin damina biyu bango ya tsage, ruwa ya kwanta a tsakar gida, iska ta yaye rufi, jama'a su ce: ina ƙaramar hukumar da aka yi ginin a ƙasarta take? Amsar da aka saba bayarwa ita ce ba ta da kuɗi. Wannan gaskiya ne, amma ko yau aka cika mata asusu maƙil, a yawancin jihohi babu wata takardar ginin da doka ta ce sai da sa hannunta. Yadda aka yi hakan ta faru tsohon zance ne.

Farkon labarin sananne ne. Dokar Birane ta 1917 ta kasa garuruwa aji uku, Dokar Tsara Birane da Karkara ta 1946 ta biyo baya, kuma a Arewa ikon tsaftar unguwa yana hannun En'e, inda duba-gari ke shiga gida-gida yana leƙa rijiya da masai da kwata. A 1973 aka kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya. Shirin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980 ya yi niyyar gina gidaje 202,000, abin da aka kammala bai kai kashi 15 cikin ɗari ba. Jamhuriya ta Biyu ta zo da shirin Shugaba Shagari na gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, wanda har yau sunansa ke kan unguwanni a manyan garuruwan Arewa, shi ma bai kai rabin abin da aka ƙudurta ba. A tsakanin nan, gyaran 1976 ya mai da ƙaramar hukuma mataki na uku na gwamnati, sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta Maris 1978 ta raba filaye biyu: na birni a hannun jiha, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin zama na gargajiya a kansu. Da zarar an ayyana wani yanki a matsayin birni a jaridar gwamnati, ikon ba da filinsa ya bar sakatariya. Rukunin gidaje kuwa kusan kullum a bakin gari ake yin su, daidai inda iyakar birni ke ta matsawa.

Mafi yawan masu sharhi a nan suke tsayawa, su ɗora komai kan dokar 1978. Amma waccan dokar magana take kan wanda ke ba da fili. Wanda zai tsaya a kan gini ya ce a ci gaba ko a dakata batu ne na daban, kuma an taɓa rubuta masa doka mai kyau wadda mutane ƙalilan ke tunawa da ita.

A 1991 aka fitar da Manufar Gidaje ta Ƙasa, mai taken gida ga kowa kafin shekarar 2000, ta kuma ware wa ƙananan hukumomi aiki: yanka filayen zama ga masu ƙaramin ƙarfi, taimaka wa ƙungiyoyin gama-kai na gina gidaje, da kula da tsafta. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka tanadi a riƙa cirar kashi 2.5 na albashin ma'aikaci dominsa. A wannan shekarar kuma aka sa hannu a Dokar Soja mai lamba 88, ta tsara birane da yankuna, wadda ta maye gurbin ta 1946. Ita ce ta fi kusa da ba ƙaramar hukuma haƙora. Ta tanadi hukumar tsare-tsare a kowane mataki, ɗaya a tarayya, ɗaya a kowace jiha, ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, kuma kowacce da sashenta na sa ido kan gine-gine. Ta ce duk mai son yin gini, har da gwamnati da hukumominta, sai ya nemi izini. Ba za a riƙe takardar mai nema fiye da wata uku ba. Izinin da aka bayar shekara biyu yake yi, in ba a fara aiki ba ya faɗi. Duk filin gidaje da ya wuce hekta biyu sai an haɗa da rahoton tasirinsa ga muhalli, wanda ke nufin kusan kowane rukunin gidaje ya faɗa ciki. Sashen sa idon yana da ikon ba da takardar dakatar da aiki, da ta gargaɗin saɓa ƙa'ida, da ta rushewa, kuma wanda bai gamsu ba yana da kotun musamman da zai kai kuka.

A takarda ke nan. A aikace jihohi kaɗan ne suka kafa waɗannan hukumomi na ƙananan hukumomi, don ƙwararrun masu tsara birane ba su da yawa a lokacin, kuma sashen ayyuka na sakatariya da ƙyar yake da injiniya ɗaya. Duk da haka tanadin yana nan, kuma wanda ke son a kafa hukumar yana da dokar da zai nuna.

Da mulkin farar hula ya dawo a 1999 sai tambaya ta taso: shin dokar da aka yi wa ƙasa baki ɗaya a zamanin soja tana iya ɗaure jihohi a ƙarƙashin sabon tsarin mulki? Jihar Legas ta kai maganar Kotun Ƙoli, aka haɗa da sauran jihohi, kuma a watan Yunin 2003 mafi rinjayen alƙalai suka yanke cewa tsara birane ba ya cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya ke yi wa doka ita kaɗai, ba ya cikin jerin da take tarayya da jihohi a kansa, don haka hurumin majalisun jihohi ne. Aka soke sassan dokar da suka shafi jihohi, ta zauna daram a Babban Birnin Tarayya kawai. Ta fuskar tsarin mulki hukuncin yana da hujja mai ƙarfi, kuma ya daidaita wani abu mai muhimmanci, cewa ko a filin tarayya za a yi gini a cikin jiha, dokar tsara birane ta jihar ce ke aiki.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne wanda ya yi asara a shari'ar da ba shi aka kira ba. Ja-in-jar tsakanin tarayya da jihohi ce, amma dokar da aka rage wa ƙarfi ita kaɗai ce ta ƙasa da ta rubuta sunan ƙaramar hukuma a matsayin mai ba da izinin gini. Daga 2003 sai ya zama ko ƙaramar hukuma za ta sa baki ko ba za ta sa ba, ya dogara ga abin da dokar kowace jiha ta ce. Dokokin jihohi kuwa, tsofaffinsu da sababbinsu, galibi a hukuma ɗaya ta jiha suka tara ikon, mai hedikwata a babban birni da ofisoshin shiyya. Wannan tsari yana da amfaninsa, ƙa'ida ɗaya ce ga kowa, ƙwararru kuma suna wuri guda. Sai dai a tuna Kano na da ƙananan hukumomi 44, Katsina 34, Neja kuwa 25 ne a shimfiɗe kan ƙasar da ta fi ta kowace jiha faɗi. Zuba kankare aikin yini ɗaya ne, wani lokaci na 'yan sa'o'i, kuma da ya daskare babu mai iya ganin abin da ke cikinsa.

Tsarin mulkin 1999 bai cike giɓin ba. Jadawali na Huɗu ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: hanyoyin unguwa, fitilun titi, magudanan ruwa, kwashe shara, ban-ɗakunan jama'a, kasuwanni, sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, tantance gidaje don haraji, da hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Duba gini ba ya ciki. Wato duk abin da rukunin gidaje zai buƙata bayan an yanka ƙyallen buɗewa nata ne, amma zaɓen fili da tsayin daɓe da inda ruwa zai bi an gama su kafin a tuna da ita. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Ya kamata a faɗi abin da sa ido yake nufi, don mutane da dama suna ɗauka zuwa ne a kalli fenti. Aikin yana farawa tun kafin a haƙa tushe. Filin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara? Fadama ce? A yankin tafkin Chadi akwai ƙasar firgi, baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, wadda tushe na yau da kullum ba ya jure mata. Gwajin ƙasa zai nuna wannan, amma dagacin wurin da tsofaffin manoma sun san inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta ba tare da na'ura ba. Sai daɓe, wanda ya kamata ya ɗara titi da aƙalla santimita 15, in wurin kwari ne ya fi haka, a kuma daddale cikon jar ƙasa hawa-hawa, ana yayyafa ruwa ana dannewa. In an zuba ciko lokaci ɗaya, bayan shekara guda daɓen zai lotsa, tayil ya farfashe.

Bulo shi ne inda aka fi cin riba a ɓoye. Buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya fitar da bulo mai inci tara fiye da 30 zuwa 35 ba. In aka matsa masa ya ba da 50, da ido ba za ka bambance ba, amma in ka goga babban yatsa a gefensa yashi zai zubo, in ya suɓuce daga hannu ya tarwatse. Kankaren ginshiƙi da linta ma'auninsa ɗaya, biyu, huɗu ne: buhu ɗaya, wato kwanon sarki biyu, da yashi kwano huɗu, da tsakuwa kwano takwas. Lebura ya ƙara ruwa don ya ji sauƙin juyawa, ƙarfin ya ragu. Rodin da zane ya ce mai milimita 16, in aka sa mai 12 an rage kusan rabin ƙarfen, kuma dole a bar tazarar kankare kamar milimita 25 tsakanin rodi da katako, in ba haka ba tsatsa za ta ci shi. Bayan an zuba a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai, cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. A zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, kankaren da aka bari kwana biyu ba ruwa ya riga ya yi rauni.

Rufi kuma a Arewa iskar farkon damina ce ke jarraba shi. Katakon da ba a ɗaure shi da ƙarfe a jikin kankaren saman bango ba, hadari ɗaya ya ishe shi. Ramin masai ya nisanci rijiya da aƙalla mita 15, in ƙasar rairayi ce mita 30 ta fi, alhali a ƙananan filaye sau da yawa masan wannan gida yana jingine da rijiyar maƙwabci. Lambatun cikin rukuni kuwa, komai kyansa, in ba a haɗa shi da babbar hanyar ruwa ba, a unguwar da ke ƙasa zai juye, kuma mutanen wannan unguwa sakatariya za su nufa da kokensu.

Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na 2006 ya tanadi takardun shaida mataki-mataki, daga auna fili zuwa tushe, zuwa tashin bango, zuwa rufi, da wuta da famfo. Amma saboda hukuncin 2003, ba ya hawa kan kowa a jiha sai majalisar jihar ta karɓe shi ta mai da shi doka. A kwangila kuma akan riƙe kamar kashi 5 na kuɗin ɗan kwangila har wata shida bayan miƙa aiki, don gyara abin da ya ɓaci. Ginin da aka miƙa a Nuwamba zai cika wata shidansa a Mayu, kafin ruwa ya zauna, sai a saki kuɗin tun rufin bai ga damina ko ɗaya ba. Wanda ke zaune kusa da wurin ne zai lura da irin wannan.

Haka rabon gidajen. Mai unguwa ya san wanda ke haya da 'ya'ya bakwai a ɗaki biyu, ya san wanda yake da gida uku. In sunayen masu cin gajiya ba su bi ta hannun kowa a yankin ba, ba a kuma liƙa su a bango don jama'a su gani ba, sai gidan ya koma hannun mai sayarwa ko mai ba da haya tun kafin a sa masa ƙofa.

Masu adawa da mayar da wannan iko ƙasa suna da hujjar da ba a yi mata dariya. Sun ce sakatariyar da ba ta da injiniya mai rajista, in aka ba ta hatimi, shinge kawai aka ƙara inda za a tsayar da mai gini a karɓi na goro. Haɗarin yana nan. Maganinsa a dokar jiha yake, kuma ba sai an ƙwace izinin gini daga hukumar jiha ba. Ya isa a rubuta cewa duk rukunin gidajen da aka gina da kuɗin jama'a, akwai wurare uku da ba za a wuce ba sai da sa hannun jami'in ƙaramar hukuma mai rajista da hukumar ƙwararrunsa: kafin a tabbatar da fili da hanyar ruwa, kafin a zuba kankare a kan rodi, da kafin a saki kuɗin da aka riƙe, wanda za a jinkirta har damina guda ta wuce. A ɗaure jami'in da wa'adi na 'yan kwanaki, in bai zo ba aiki ya ci gaba, laifin kuma ya hau kansa a rubuce. Ƙananan hukumomi uku ko huɗu da ke maƙwabtaka suna iya haɗa kuɗi su ɗauki injiniya ɗaya da mai tsara gari ɗaya. Hukuncin 2024 zai iya biyan albashinsu, amma ikon da za su tsayar da injin kwaɓa siminti a bakin rami sai majalisar dokokin jiha ta rubuta shi.