Sabbin unguwanni a Sakkwato: wane aji yaran za su shiga?

Duk wanda ya bi hanyar Kalambaina, ko ya leƙa Arkilla, Bado da Gidan Salanke, ya san garin Sakkwato ya daɗe da tsallake tsohuwar iyakarsa. Inda ake noman gero a da, yau bulo ne da kwano. Ga tambayoyin da iyaye ke yawan yi bayan sun tare.

Ashe ba tare da makaranta ake gina rukunin gidaje ba?

A kan takarda, awon gwamnati yakan ware filin makaranta, kamar yadda yake ware na masallaci da kasuwa. Amma ware fili daban, ɗora aji a kansa daban. Ma'aikatar filaye da gidaje ce ke kula da awo, ginin firamare kuwa aikin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) ne, kuma kowa da kasafinsa. Sai a raba makullan gidaje, filin makaranta yana nan awaki na kiwo a ciki.

Wannan ma da sauƙi. Inda abin ya fi ciwo shi ne awon igiya: mai gona ya kira dillali, a yanka ta fuloti-fuloti, kowane taku kuɗi ne. Wa zai bar fuloti goma don makarantar da babu wanda ya yi alkawarin ginawa? Ni a ganina nan ne asarar da ba ta gyaruwa, domin kuɗin gini yana iya zuwa baɗi ko baɗin baɗaɗa, fili kuwa idan an yi masa katanga ya tafi ke nan.

Yara nawa sabuwar unguwa ke kawowa?

Mu yi lissafin misali. Gida 500, kowanne da yara uku 'yan firamare (a gidan Bahaushe wannan ai rangwame ne), yara 1,500 ke nan. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, wato ana bukatar aji 43 da malamansu. Idan babu, sai su kwarara makarantar ƙauyen da gari ya cimma, wadda aka gina don yaran ƙauyen kaɗai. Ga kuma iyalan da rashin tsaro ya koro daga yankin Isa da Sabon Birni.

To kuɗin ginin aji daga ina yake fitowa?

Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya don wannan aiki. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa (UBEC) ba ta sakin tallafin gini sai jiha ta ajiye kwatankwacinsa, ta kuma gabatar da tsarin ayyukan da za a yi. Makarantar da ba ta shiga tsarin bana ba, sai ta jira. Albashin malaman firamare kuma daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi.

Tunda mutane sun ƙaru, ai kason ƙaramar hukuma ma zai ƙaru?

Ba da wuri ba. Yawancin sabbin unguwannin ba su cikin Sakkwato ta Arewa ko ta Kudu, sun faɗa Wamakko, Dange-Shuni ko Kware. A rabon arzikin ƙasa, kashi 40 raba-daidai ake yi, kashi 30 bisa yawan jama'a, ƙidayar ƙarshe kuma tun ta 2006 ce, lokacin da wasu unguwannin nan gonaki ne. Yawan ɗalibai yana cikin ma'aunin, amma ɗan ƙaramin kaso ne. A Amurka harajin gidaje ne ke ɗaukar babban nauyin makarantun unguwa, saboda haka sabon gida yana zuwa da kuɗinsa. A nan gida yana zuwa da yara ne kawai.

Makarantun kuɗi ba su rage cunkoson ba?

Sun rage wa mai hali. Su ne ma ke riga kowa isa sabuwar unguwa, galibi a gidan haya mai ɗaki huɗu. Marar hali kuwa ko dai ya biya kabu-kabu ko agwagwa da buje kullum zuwa cikin gari, ko yaro ya zauna. 'Ya'ya mata su suka fi zama, don uba ba ya son nisa.

Me mazauna za su iya yi?

Kafin ka biya kuɗin fuloti, nemi ganin taswirar awon, ka tambayi ina filin makaranta. Idan akwai, ku haɗu da mai unguwa da uban ƙasa a kafa masa shaida, ko da turaku ne da itatuwan dogon yaro. Sannan ku sa yaranku a rajista tun kafin ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, domin da waɗannan alkaluman ne hedimasta da kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) za su tunkari sakataren ilimi na ƙaramar hukuma su nemi ƙarin aji da malamai.