Injin feshin ruwa mai sauƙin kuɗi: abin da ya kamata ka sani kafin ka saya a Zariya

Da hunturu ya kankama, ƙura ta lulluɓe mota da tsakar gida, sai a fara cigiyar ƙaramin injin wankin mota mai amfani da lantarki. Ga tambayoyin da aka fi yi mini.

Wanne zan ɗauka idan na shiga kasuwar Sabon Gari?

Kada babbar lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Don mota, babur, kafet da tayil, mai ƙarfin bar 100 zuwa 130 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin feshin ruwa) ya wadatar, kuma irinsa yakan ci wat 1,400 zuwa 1,800. Ni abin da na fi tambaya shi ne ko ana samun tiyonsa da bindigar feshinsa a kasuwa, don su ke fara lalacewa. A gwada maka shi kafin ka biya.

Ba ni da famfo, ruwan rijiya ko na 'yan garuwa zai yi?

Zai yi, amma a nan ne injina da yawa ke mutuwa. Ruwan rijiya da na burtsatse ba sa rasa yashi, kuma yashin nan ke cinye robobin cikin injin har ƙarfinsa ya ragu. Ka bar ruwan ya kwanta a duro, ka ɗiba daga sama, ka tabbata 'yar rariyar da ke mashigar ruwa tana nan. Ba kowane inji ke iya zuƙo ruwa daga bokiti ba, don haka ka tambaya tun a shago. Yana shan kusan lita 6 a minti ɗaya, wato jarka mai lita 25 feshin minti huɗu ce. Idan ruwa ya ƙare, kashe shi nan take. Sannan a zafin Maris da Afrilu ka taɓa ruwan baƙin tanki da hannu, don yawancin injinan nan ba sa jure ruwan da zafinsa ya wuce digiri 40.

Ƙaramin janareto zai ɗauka?

A'a. Ƙaramin nan na kunna fanka da talabijin bai kai wat 1,000 ba, injin kuwa yana fizgar wuta sosai lokacin tashi. Nemi mai kVA 2.5 zuwa sama. Idan an kawo wuta marar ƙarfi ka ji yana gurnani, haƙura, in ba haka ba zai ƙone. Wayar jona ta zama mai kauri, kuma kada soket ya kwanta a jiƙaƙƙen wuri.

Yana ɓata fenti?

Idan ka matsa kusa da yawa. Bar tazarar kamar santimita 30, ka yi amfani da feshi mai faɗi. Kada ka dosa shi kan sarƙar babur ko wayoyin injin mota, yana wanke giris. Don Allah kada a bar yara su yi wasa da shi, ruwan yana iya huda fata.

Zan iya buɗe wurin wankin mota da shi?

Ban ba ka shawara ba. Na aikin gida ne, ba zai jure yini guda yana aiki ba. Sana'a sai babba mai amfani da fetur.

Yaya zan ajiye shi?

Kashe wuta, rufe ruwa, matsa bindigar har ƙarfin da ya rage ya fita. Tsiyaye tiyo, ka naɗe ba tare da lanƙwasawa ba, ka ajiye a inuwa. Idan feshin ya fara yankewa, duba bakin feshin ka tsokale shi da 'yar allurar da ke zuwa cikin kwalin kafin ka nemi mai gyara.