Kafin a raɗa wa sabuwar bakteriya suna sai an kai ta ajiya a ƙasashe biyu

Mutane da yawa sun ɗauka in masani ya je Antatika ya ɗebo ƙasa a gefen ƙanƙara ya gano wata ƙwayar bakteriya da ba a taɓa sani ba, shikenan sai ya raɗa mata sunan da ya ga dama. To ba haka abin yake ba, akwai doka kuma tana da tsauri.

Tun wajen ɗiban ƙasar ma, ƙarin yarjejeniyar Antatika kan kare muhalli da aka sa wa hannu a Madrid a 1991 ya sa akwai wuraren da aka keɓe a Antatika da ba mai taka su sai da takardar izini daga gwamnatinsa. In an dawo lab sai a shuka ƙwayar a faranti a ajiye a sanyi, wani lokaci makonni ana jira kafin a ga ɗan ɗigo launin ruwan ƙwai ya fito, sannan a gwada kwayar halittarta da na danginta, in kamannin dukkan jinom ɗin, wato jimillar bayanan gadon da ke cikin ƙwayar, bai kai kashi 95 zuwa 96 cikin ɗari ba to ana iya cewa sabon jinsi ne.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne doka ta 30 a ICNP, kundin dokokin raɗa wa bakteriya suna na duniya. Tun daga Janairun 2001 dole ka kai ƙwayar da ranta ajiya a rumbuna biyu a ƙasashe daban, misali DSMZ a Jamus da KCTC a Koriya ta Kudu, su ba ka takardar shaida, kuma duk mai bincike da ya nema a ba shi ba tare da ka gindaya masa sharaɗi ba. Sannan dole sunan ya fito a mujallar kimiyya ta IJSEM, da Latin, kashi biyu: sunan gida da na jinsi.

Ni wallahi wannan dokar tana burge ni, don ɗalibi a Zariya ko Yamai zai iya yin oda a turo masa ainihin ƙwayar ya gwada da hannunsa. Dubi wata bakteriya mai suna Sejongia antarctica, wadda 'yan Koriya suka samo a ƙasar da tsuntsayen fengwin ke zama kusa da tashar bincikensu ta King Sejong a Antatika suka bayyana ta a 2005. A 2009 wasu masana suka sake auna ta suka ga ashe 'yar gidan Chryseobacterium ce, aka mayar da ita can.

Matsalar kawai mafi yawan bakteriyar ƙasa ba sa yarda su tsiro a faranti, ka ga ba abin da za ka kai ajiya ke nan. Irin waɗannan sai dai a maƙala musu Candidatus, wato alamar cewa sunan na wucin gadi ne, a gaban suna, shi ya sa a 2022 wasu masana suka fito da wani sabon kundin raɗa suna, SeqCode, da ke karɓar jinom a madadin ƙwaya mai rai, kuma har yanzu ana ja-in-ja a kai.