Ƙura da hayaƙi a Saudiyya: wai har zuciya suke taɓawa?

Tambaya: Ni dai na san ƙura tari da mura take sawa, me ya haɗa ta da zuciya?

Amsa: Ƙurar da kake gani da ido hanci da maƙogwaro na tare yawancinta. Abin tsoron shi ne 'yan mitsi-mitsin da ake ce wa PM2.5, sun fi silin gashi ƙanƙanta kusan sau 30, su kam wucewa suke har can cikin huhu, su tada kumburi a jijiyoyin jini, jini ya hau kuma ya riƙa saurin daskarewa, to in gudan jini ya toshe hanyar zuciya sai bugun zuciya, in ta ƙwaƙwalwa ce sai shanyewar ɓarin jiki.

Tambaya: Har kisa take yi kenan?

Amsa: Sosai ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2, kuma kashi 68 cikin 100 ciwon zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki.

Tambaya: Mu nan daga ina muke shaƙarta?

Amsa: Guguwar ƙura da ke turnuƙe Riyad musamman daga Maris zuwa Mayu, hayaƙin motoci a cunkoson Jidda, da na bas-bas cikin hanyoyin mota na ƙarƙashin duwatsun Makka lokacin aikin Hajji. Amma wanda ya fi damuna na cikin gida ne. Hajiya ta zuba turaren wuta a kasko, tagogi a rufe ruf saboda na'urar sanyi, ga tsoho mai hawan jini kwance a ɗakin. Ba a ce ki daina ba Hajiya, ki dai buɗe taga hayaƙin ya fita. Shisha kuwa barinta ne kawai mafita.

Tambaya: Su wa ta fi kamawa?

Amsa: Tsofaffi, masu hawan jini, masu ciwon suga, da 'yan uwanmu masu wuni a bakin titi suna neman na tuwo.

Tambaya: To ranar ƙura ya za a yi?

Amsa: Mai ciwon zuciya ya zauna gida don Allah, ya sha maganinsa kan lokaci. In fita ta zama dole a sa takunkumin N95, naɗe hanci da mayafi ko rawani baya tare ƙananan nan. In ƙirji ya yi nauyi, ciwon na sauka hannu ko haɓa, ga gumi da ɗaukewar numfashi, kar a tsaya jiƙe-jiƙe, a kira 997, lambar motar asibiti ta gaggawa a Saudiyya, nan take.